Na Ƙwarai da Na Kwaikwayo: Gwajin da Na Yi wa Bulon Wasa

Duk wanda ya leƙo ɗakinmu a hostal daren wata Asabar a watannin baya ya ga abin dariya. Ƙato da ni, ɗan ajin ƙarshe na difloma a sashen injiniyan kanikanci, ga furojet a gaba, ga jarrabawa tana matsowa, na shimfiɗa tabarma na baje bulon wasan yara kala-kala, ma'aunin baniya a hannuna, littafi a gefe ina rubuta lambobi. Abokin ɗakina ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, lafiya? Ko karatun ne ya fara taɓa ka?" Kafin a jima ɗakin ya cika da 'yan kallo. Na san wasunku suna riƙe da mujallar nan yanzu, to ga cikakken bayanin da dariyarku ta hana ni yi a daren.

Abin ya samo asali ne daga ɗan yayata. Shekararsa bakwai, kuma irin yaran nan ne da ba sa barin abu a haɗe. Rediyon babansa, tocila, murfin fulas, duk sai ya kwance ya ga cikinsu. Ni ma haka na taso, sai dai mu da kara da gwangwanin madara da tsinkakken silifas muke ƙera mota. Shi kuwa a wayar babarsa ya ga yara suna haɗa mota da gida da bulon roban nan masu 'yan ƙullutai a sama, waɗanda kowa ke kira Lego ko da wane kamfani ne ya yi su, kamar dai yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Tun daga ranar ya addabe ni: "Kawu, yaushe za ka sayo mini?" Na ce da Sallah.

Ina da ɗan abin da na tara daga na-goron da ogana yake ba ni lokacin SIWES. Ana jibi Sallah na shiga wani babban kanti, irin mai sanyin nan da ake tura keken sayayya, na tarar da na ainihin, na kamfanin LEGO, a jere. Na ɗauki ƙaramin kwali wanda bai fi tafin hannuna biyu ba, na juya na ga kuɗin, na mayar da shi a hankali kamar ƙwai. Ya fi abin da nake ci a wata. Daga nan na zarce kasuwa. A wata rumfar kayan wasa na hango ƙaton kwali da hoton motar kashe gobara ja wur, an rubuta guda ɗari huɗu da wani abu ne a ciki, kuɗinsa kuma bai kai rabin na ƙaramin can ba. Mai rumfar ya ce, "Ai duk ɗaya ne, samari, suna kawai suke sayarwa." Maganar ta yi mini daɗi, domin ita aljihuna yake son ji. Na biya, na taho ina jin kaina kawu na gari.

Ranar Sallah da yamma muka zauna ni da shi a tsakar gida. Tun a shafi na uku na ɗan littafin da ke nuna yadda ake haɗawa matsala ta fara. Wani bulon in ka ɗora shi sai ya zauna sako-sako, kana ɗaga motar ya faɗo. Wani kuma ba zai shiga ba sai an danna da ƙarfin babba, in ya shiga kuma ba ya fita sai da haƙori. Taya biyu suna juyawa, biyu sun ƙi. Gilashin gaba babu shi a kwalin kwata-kwata. Mun kai magariba muna fama. Da muka gama ya tura motar sau ɗaya, tsanin ya rabu da ita, bayanta ya zube. Ya sake haɗawa, ta sake zubewa. A karo na uku sai ya ture ta gefe, idonsa ya ciko, ya ce, "Kawu, ni ne ban iya ba ko?"

Wannan tambayar ce ta tsaya mini a rai, fiye da kuɗin da na yi asara. Yaro mai son haɗa abu da hannunsa ya bi umarni daki-daki, bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin ya rushe, kuma ya ɗora wa kansa laifin. Na ce masa laifin bulon ne, amma na ga bai yarda ba. Yara sun san lokacin da ake lallashinsu. Ana cikin haka Yaya ta zaro wani ɗan mitsitsin yanki daga bakin ƙanwarsa 'yar shekara biyu. Ta tattara komai ta zuba a leda ta miƙo mini. "Tafi da tarkacenka makaranta," in ji ta. "Araha ba ta ado."

Na taho da ledar, na kuma ƙudurta sai na san ainihin abin da ya bambanta su, don in koma wa yaron da hujjar da zai gani da idonsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na je wajen 'yan gwanjo masu buɗe dilar kayan wasa, na tsuguna ina tona wani buhu da aka cakuɗa motoci da 'yar tsana da karyayyun bindigogin roba, har na tsinto na ainihin guda arba'in da 'yan kai. Gane su ba wuya: a kan kowane ƙullutu akwai sunan LEGO da ƙananan haruffa. Tsofaffi ne, sun sha hannu, ɗaya ma har da shatin haƙorin wani yaro da Allah kaɗai ya san a wace ƙasa yake. Sannan na ƙara da ɗan kwali matsakaici na wani kamfanin ƙasar Sin wanda ya buga sunansa da adireshinsa a jiki, motar da ke hoton kuma ƙirarsa ce ta kansa. Suka zama kashi uku ke nan: na gwanjo, na mai suna, da na ledar Yaya, wanda ko a kwalinsa babu sunan kamfani balle adireshi. Ma'aunin kuwa aronsa na yi a wokshof, da alkawarin mayarwa ranar Litinin.

Kafin ka ce abu ya kauce, sai ka san inda ya kamata ya tsaya. Kamfanin LEGO a wani ƙaramin gari yake mai suna Billund a ƙasar Denmak. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, shi ya kafa shi a 1932 yana sassaƙa kayan wasa na katako. Bulon da muka sani yau, mai ƙullutai a sama da bututu a ciki, a zamanin ɗansa Godtfred aka yi masa rajistar mallaka, ranar 28 ga Janairu, 1958, kuma awon da aka tsayar a lokacin shi ne har gobe. Bulon wancan zamani yana shiga na bana. Daga tsakiyar ƙullutu zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Faɗin ƙullutun kansa 4.8. Tsayin bulo 9.6 ban da ƙullutun, kuma siraran nan masu kaurin 3.2 in ka ɗora uku sun ba ka tsayin bulo ɗaya daidai.

Ga inda ya fi burge ni. Bulo mai ƙullutu biyu a faɗi da huɗu a tsawo, lissafi ya ce ya zama 16 da 32. Amma in ka auna 15.8 da 31.8 za ka samu. An rage 0.1 a kowane gefe da gangan, domin in an jera biyu kusa da juna kada su ture juna. Kashi ɗaya cikin goma na milimita shi ne kaurin fallen takardar fotokofi. Rim ɗaya mai falle 500 kusan santimita biyar ne, ka raba ka gani. A kan wannan kaurin takardar wasan gaba ɗaya ya dogara. Riƙon kuma, wanda ɗan yayata ke kira cizo, yana samuwa ne daga yadda ƙullutun ke matsewa tsakanin bangon bulon da aka ɗora a kansa da bututun da ke cikinsa. Robar ta ɗan buɗa, ta kama. In ƙullutun ya gaza da ɗan mitsitsi, babu cizo. In ya zarce da ɗan mitsitsi, yaro ba zai iya cirewa ba, ko kuma bangon ya tsage. 'Yan sashenmu sun riga sun gane inda na dosa: darasin nan ne na shiga mai sako-sako da shiga mai matsi, wanda muka haddace don jarrabawa muka watsar.

Gwajin farko awo ne. Na ɗauki goma-goma masu ƙullutu biyu a faɗi daga kowane kashi. Na gwanjo, duk da tsufansu, ma'aunin ya yi ta tsayawa wuri ɗaya har na fara zargin ko ya maƙale ne. Baniyar tamu 0.02 take karantawa, bambancin da ke tsakaninsu kuma bai kai ta kama shi ba. Na mai suna suka biyo baya kusa-kusa, ɗaya ko biyu ne suka ɗan gota da layi guda. Na ledar Yaya kuwa kowanne da nasa ra'ayin: wannan 15.6, wancan 15.9, wani ma in ka auna a baki daban, a tsakiya daban, domin bangonsa ya lotsa ciki.

Gwaji na biyu shi ya sa 'yan dariya suka fara matsowa. Na gina ginshiƙi biyu, kowanne bulo takwas, na kafa su gefe da gefe, sannan na ɗora bulo guda a sama ya haɗe su kamar gada. Hikimar ita ce kuskure taruwa yake yi. In kowane bulo ya kauce da ɗan kaɗan, takwas za su tona asiri. A na gwanjo gadar ta zauna daram. A na mai suna ma ta zauna, da 'yar ƙarar nan mai daɗin ji. A na uku ginshiƙi ɗaya ya ɗara ɗaya har ido yana gani, gadar ta kama gefe guda ta bar ɗayan yana lilo.

Na uku gwajin cizo ne. Na ba wani ɗan aji ɗaya aikin haɗa bulo biyu da raba su sau ɗari yana ƙirgawa, ya karɓa da murna kamar an ba shi muƙami. Na gwanjo suna shiga da taushi, su riƙe, su fita ba tare da kokawa ba, na ɗari kamar na farko. Na mai suna cizonsu ya fi ƙarfi, har yatsa yana ji a jikinsa, musamman siraran. Ga babba ba komai, ɗan shekara biyar kuwa zai nemi taimako lokaci-lokaci. Amma dukkansu iri ɗaya suke, ka san abin da za ka tarar. Na uku, wasu tun kafin a kai hamsin sun saki, wasu kuma sai da muka sa bakin wuƙa.

Sauran kuwa ido da hanci sun wadatar. Muka haska tocilar waya ta cikin bulon: na uku haske yana ratsa bangonsu saboda siranta. Jan da ke motar kashe gobarar kala uku ne, wani kamar tumatir, wani kamar manja. A gefunansu akwai 'yan tsinin roba masu kartar yatsa, ga wani wari kamar na ƙonanniyar leda. Daga ƙarshe na cakuɗa na gwanjo da na mai suna na gina bango ɗaya da su, na miƙa wa 'yan ɗakin na ce su raba mini ba tare da sun karanta kan ƙullutu ba. Ba wanda ya iya.

To me ya kawo wannan bambanci, alhali duka roba ce aka narka aka zuba? 'Yan sashen polima za su fi ni bayani, amma ga yadda abin yake a taƙaice. Ana narka ƙwayoyin roba da zafin da ya haura digiri 200, a ɗura su da matsi mai ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, su huce, a turo su waje. Tun 1963 kamfanin LEGO yake amfani da robar da ake kira ABS, domin tana da tauri, tana riƙe launi, ba ta kuma sauya siffa da sauƙi. Sauran kamfanonin kirki ma ita suke amfani da ita. Sai dai roba tana tsukewa in ta huce, ita ABS da wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don haka dole mai sassaƙa mazubi ya sa wannan a lissafinsa. A tsawon 31.8, wannan tsukewar ta kusa 0.16, wato ta fi tazarar da aka bari a gefe ɗaya. In aka cakuɗa sabuwar roba da tsohuwa da aka niƙa ba tare da kula ba, tsukewar yau daban, ta gobe daban. In aka yi gaggawar turo bulo kafin ya huce don a buga da yawa a awa guda, sai ya lotsa. In mazubi ya cinye ba a gyara ba, roba za ta riƙa tsatsowa ta inda ɓangarorinsa biyu suka haɗu, shi ne tsinin nan. Sannan akwai tambaya ta ƙarshe: akwai mai aunawa yana ware waɗanda suka kauce, ko kuwa duk abin da inji ya tofo a leda yake ƙarewa? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma a nan wanda ya yi mini guda ɗari huɗu da araha ya rage nasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan buga bulo ya ga yadda ake tilasta wa buhun siminti ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa ya san zancen.

A nan ne musu ya ɓarke a ɗakin. Wani ya ce shi dai duk abin da ba na ainihi ba jabu ne, ɗan Chaina kuwa ɗan Chaina ne. Na ce masa tarihi bai goyi bayansa ba. Bulon farko da kamfanin LEGO ya fitar a 1949 ya ɗauko siffarsa ne daga na wani Bature ɗan Ingila, Hilary Page, mai kamfanin Kiddicraft, kuma sai a 1981 ya sayi haƙƙin ƙirar tasa. Waɗancan na farko cikinsu fayau yake, ba sa riƙe juna sosai. Abin da mutanen Billund suka ƙara shi ne bututun ciki da tsananin awo. Su ma da kwaikwayo suka fara, sai dai ba su tsaya a nan ba.

Rajistar 1958 ta ƙare a 1978, daga nan ƙofa ta buɗe wa kowa. Kamfanin ya yi ƙoƙarin rufe ta da hujjar cewa siffar bulon tambarinsa ce, amma Kotun Ƙolin Kanada a 2005, a shari'arsa da masu Mega Bloks, da Kotun Tarayyar Turai a 2010, duk sun tsaya a kan cewa siffar da aikin abu ya tilasta ba ta zama tambarin mutum ɗaya. Saboda haka yin bulo mai shiga na LEGO ba laifi ba ne a doka, kuma masu yi suna da yawa. Akwai Mega na Kanada, wanda kamfanin Mattel ya saya a 2014, an fi saninsa da manyan bulo na ƙananan yara. Akwai Cobi na Poland mai tankokin yaƙi da jiragen tarihi, fannin da LEGO ke kauce wa. Akwai Oxford na Koriya ta Kudu. A Sin kuwa akwai irin su Sluban da BanBao da CaDA, yankin Chenghai na birnin Shantou kuma cike yake da masana'antun kayan wasa, manya da ƙanana. Shi kansa LEGO yana da masana'anta a Jiaxing a can ƙasar Sin ɗin. Ka ga ke nan cewa abu "ɗan Chaina" ne bai gaya maka komai game da ingancinsa ba.

Abin da doka ta hana shi ne satar ƙira sukutum: ka ɗauki motar wani da hoton kwalinsa da littafinsa ka buga, ka sauya suna. Haka masu Lepin suka yi ta yi, har 'yan sandan Shanghai suka kai musu samame a 2019, a 2020 kuma kotu ta ɗaure shugabansu shekara shida. Mutum uku ne ke nan muke haɗawa a suna ɗaya. Akwai wanda ya bi tsarin, ya yi ƙirarsa, ya sa sunansa. Akwai ɓarawon ƙira. Akwai kuma wanda ya kwaikwayi kamanni kawai, ya bar awo, ya ɓoye kansa. Na ledar Yaya aikin na ukun ne. Kama da wane ba ta wane.

Abokin ɗakina, wanda tun ɗazu yake kwance yana jinmu, sai ya ɗago ya ce, "To mu 'yan poli fa? Ai mu ma Lego ɗan Chaina ake ɗaukarmu a wajen neman aiki." Aka kwashe da dariya, irin mai ɗacin nan, domin kowa a ɗakin ya san bambancin da ake nunawa tsakanin mai HND da mai digiri. Ni ma na yi, amma tawa ba ta yi nisa ba, domin a daidai lokacin na tuna da wani abu da na aikata a makon.

Furojet ɗinmu injin ɓarar gyaɗa ne, mu biyar. Ni aka ba sassaƙa shaf ɗin da zai shiga boris mai lamba 6205, wanda raminsa milimita 25 ne. Ina aiki ina hira, na ci ƙarfen fiye da kima, da na auna sai na ga 24.8. Boris ya shiga yana rawa. Sabon ƙarfe kuɗi ne, layin injin kuma sai ka kwana uku kana jira. Sai na yanko gwangwanin lemo, wanda kaurinsa wajen 0.1 ne, na naɗa wa shaf ɗin zagaye ɗaya, na buga boris ya zauna cif. Har tafa mini aka yi. Muka ce ai ya yi, ranar difens wa zai kwance ya duba? Dattijon da ke kula da wokshof ya gani. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ranar difens zai yi aiki, yarona. Matar da za ta saya ta yi wata uku tana ɓara da shi fa, in ya tsaya wa za ta zarga?" Na ce a raina Baba dai ya cika son wahala.

A kan tabarmar nan na samu amsar tambayarsa. Gwangwani laushi gare shi, zai murƙushe, shaf ya fara kaɗawa, boris ya mutu. Matar kuwa kanta za ta zarga ta ce ba ta iya da injin ba, ko ta ce dama aikin gida haka yake, ta gaya wa maƙwabtanta kada su saya. Kuskurena 0.2 ne, daidai da wanda na samu a bulon da ya sa ɗan yayata hawaye. Na zauna ina tsine wa wani mai masana'anta da ban sani ba a wata ƙasa mai nisa, alhali da ni aka damƙa wa mazubin nasa, abin da zan yi ke nan.

Ranar Litinin da na mayar da ma'aunin na gaya wa 'yan rukuninmu sai mun sake shaf. Ba a rabu da daɗi ba. Ɗaya ya ce tunda ni na ɓata ni zan saya, kuma gaskiyarsa. Biyu suka taimaka da abin da ya sawwaƙa, ragowar kuɗin SIWES ya tafi a nan. Na kwana uku a layi. Da aka zo kaina na sassaƙa a hankali, ina tsayawa ina aunawa da maikuromita bayan kowane ci, bakina a rufe. Boris ya shiga da matsinsa, ba gwangwani ba komai. Wannan karon ba wanda ya tafa. Baba ya zo ya juya shaf ɗin da hannu, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai ya wuce.

Game da maganar abokina, ina nan a kan cewa bambancin da ake nuna mana rashin adalci ne, kuma ya kamata ƙungiyarmu ta ci gaba da ɗaga murya a kai. Wannan yaƙin na shekaru ne, ba kuma a hannun ɗayanmu shi kaɗai yake ba. Abin da ke hannuna shi ne wanda kashi na biyu ya nuna mini. Ba shi da sunan da duniya ta sani, na ma saye shi ne ina shakka, amma da aka haɗa shi da na ainihin ya zauna daram, mutum goma suka kasa nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Duk ranar da muka naɗa gwangwani muka ce ai ya yi, mu da kanmu muke ba masu raina mu hujja.

Ga masu ƙanne da 'ya'yan yayye, tunda ni na riga na ɗanɗana, ga shawara. Kada girman kwali da yawan guda su ruɗe ka. Duba ko kamfanin ya sa sunansa da adireshinsa. Wanda ya ɓoye kansa ya san abin da ya zuba. In ka ga hoton kwalin na wani ne aka sauya wa harafi ɗaya ko biyu, ajiye shi. In mai kanti zai yarda, buɗe ka haɗa biyu ka raba, ka shafa gefen da yatsa, ka shinshina. In kana da haƙurin tono, na gwanjo riba ne, sai dai a wanke su da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi, ban da tafasasshe, a shanya a inuwa. In kuwa akwai yaron da bai kai shekara uku ba a gidan, ƙananan nan ko na wane kamfani ne ba nasa ba ne. Dalilin da ya sa ake buga jar da'irar nan mai fuskar jariri da 0-3 a jikin kwali ke nan. Nasa su ne manyan, irin Duplo ko Mega Bloks, waɗanda ba sa wucewa ta maƙogwaro.

Da na samu ƙarshen mako na je gida da kashi ukun. Na zaunar da yaron, ban yi masa wani dogon bayani ba. Na ce ya gina ginshiƙi biyu da na ledar babarsa ya ɗora gada. Ta ƙi zama. Na ce ya sake da waɗancan. Ta zauna. Ya kalle ni, ya rushe, ya maimaita da kansa har sau biyu, sannan ya ce, "Kawu, ashe su ne ba su iya ba."

Na bar masa na gwanjo da na mai suna a cikin wani tsohon gwangwanin madara mai murfi, bisa sharaɗin da Yaya ta gindaya: sai ƙanwarsa ta yi barci, kuma a kan faranti, in an gama a ƙirga. Na ledar kuwa na dawo da su makaranta. Guda ɗaya, ja mai lotsattsen bango, yana cikin aljihun rigar wokshof ɗina, nakan taɓo shi in zan ɗauko ma'auni. Ranar da zan taho yaron ya biyo ni har zaure da wani abu da ya haɗa, mai taya shida da dogon baki, wanda babu shi a kowane littafi. Ya ce injin ɓarar gyaɗa ne irin na Kawu. Ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya ya girgiza, ba abin da ya faɗo.